Kundin aikin fim ɗin Ben-Hur, daga Rum zuwa Culver City

Oktoba 1923, Rum

An kafa sansani. Kamfanin Goldwyn ya kama hayar situdiyon Cines, an kuma samu fili a bayan ganuwar birni, can wajen ƙofar San Giovanni, inda za a gina Ƙofar Yafa, irin ta birnin Ƙudus, da dandalin tseren karusai. Darakta Charles Brabin ne. June Mathis ce ta tsara labarin, ita ce kuma ta kafe a kan lallai sai an zo Italiya.

Kafin a buga ƙusa ko ɗaya, aikin nan da kayansa a ka ya taso. Littafin Ben-Hur na Lew Wallace ya fito a 1880, aka mai da shi wasan dandamali a 1899. A 1907 kamfanin Kalem ya yi ɗan gajeren fim daga cikinsa ba izini, shari'a ta kai har kotun ƙolin Amurka, a 1911 aka kayar da shi, ya biya dala 25,000. Tun daga ranar masu haƙƙin suka san abin da ke hannunsu. Yarjejeniyar da aka ƙulla da Abraham Erlanger, mai shirya wasan dandamalin, a 1922 ta ba shi da abokansa rabin kuɗin da fim ɗin zai kawo, ga kuma bakin magana a kan 'yan wasa da fitowa-fitowa. Akwai wani sharaɗi da aka gada daga wasan dandamali: ba za a nuna fuskar Annabi Isa, alaihissalam, ba. A dandamali haske ake haskowa a madadinsa. A fim sai dai a ga hannu, ko gefen riga, ko fuskokin masu kallonsa.

Lissafin zuwa Italiya a takarda ya yi kyau: lada da araha, magina da masassaƙa birjik, ga rana, ga teku, ga fuskoki irin na mutanen bakin Bahar Rum.

Ma'aunin aiki, don duk lissafin da zai biyo baya a kansa yake. Zaren fim mai faɗin milimita 35 yana da hoto 16 a kowace ƙafa. Gwangwanin kyamara yana cin ƙafa 400. Da hannu ake juya ta, juyi ɗaya hoto 8, saboda haka juyi biyu a daƙiƙa shi ne hoto 16, gwangwani ɗaya ke nan bai kai minti bakwai ba. Kowace fitowa kyamara biyu ake jerawa kafaɗa da kafaɗa, kowace ta ba da nagatif, wato zaren asali da ake buga kwafi daga gare shi, ɗaya na kasuwar Amurka, ɗaya na ƙasashen waje. Duk ƙafar da aka ɗauka a ninka ta biyu.

Farkon 1924, Rum da Anzio

An tsayar da 'yan wasa: George Walsh ne Ben-Hur, Francis X. Bushman ne Messala abokin gabarsa, Gertrude Olmstead ce Esther, Carmel Myers kuma Iras. Tufafi daga Berlin ake yo su, wajen Hermann Kaufmann.

Mathis ta iso, ta tarar Brabin ba ya son a sa masa baki. Wadda ta rubuta labarin tana gari, amma ba ta da ta cewa a wurin ɗauka. Gini yana tafiyar hawainiya, yau ana aiki gobe an ajiye guduma. A Anzio an sassaƙa jiragen yaƙi, sun yi kyau a ido, sai dai ba su da ƙwarin da za a fita da su teku a yi karo. Jirgin da ke tsaye cik kuwa ba ya ba da yaƙi ko kyamara nawa aka kewaye shi da su.

Walsh yana zaune ana biyansa. Ban da gwaji ba a ɗauke shi a komai ba.

Babbar matsalar ita ce nisa. Abin da aka ɗauka sai ya hau jirgin ruwa ya haye Atlantika, ya hau jirgin ƙasa ya ratsa Amurka, kafin masu kuɗi su gani. Kafin amsarsu ta dawo an yi makonni ana maimaita kuskuren da suke son a gyara.

17 ga Afrilu 1924

Kamfanonin Metro da Goldwyn da na Louis B. Mayer sun haɗe a ƙarƙashin Marcus Loew. Fim ɗin ya zama gadon sabon kamfani, Mayer ne shugaban situdiyo, Irving Thalberg ne mai kula da shirya finafinai, bai cika shekara 25 ba. Sun zauna sun kalli abin da aka aiko daga Italiya. Bai yi musu ba.

Yuni 1924

An yi shara. Loew da kansa ya hawo jirgi da sabuwar tawaga: Fred Niblo ya karɓi aikin darakta, Ramon Novarro ya maye gurbin Walsh, Bess Meredyth da Carey Wilson za su sake rubutu. An yi abin a ɓoye har Novarro ya riƙa cewa hutu zai tafi, shi kuma Walsh a jarida ya ga labarin cire shi. Ba a kyauta masa ba, ko da kuwa canjin ya dace. An sallami Brabin da Mathis. Kusan duk abin da Brabin ya ɗauka an jingine shi.

Bushman ya tsira, amma ya zo da nasa aikin. Shi haihuwar 1883 ne, Novarro 1899, alhali labari ya ce tare suka tashi. Shekaru dai kwalliya za ta rage su. Tsawo ne matsala, don Bushman ya kere wa Novarro, ga kwalkwali mai fukafukai a kansa. In za su tsaya gaba da gaba sai a ƙara wa takalmin Novarro tudu, ko a rage ƙasa inda Bushman zai tsaya, a kuma yanke hoton daga gwiwa.

Gari ma ba lafiya. Ranar 10 ga wata aka sace ɗan majalisa Giacomo Matteotti, mai adawa da Mussolini, a nan Rum. Ma'aikatan gini sun rabu biyu, 'yan Fasist na Mussolini da masu ƙinsu, kuma a fili ɗaya suke aiki.

Yuli zuwa Agusta 1924

Ƙofar Yafa ta tashi, katako da filasta, an cika ta da jama'a da raƙuma da jakuna. Tana cikin 'yan abubuwan da zuwa Italiya ya biya kuɗin sabulu a kansu.

Zaren da aka fi aiki da shi ba ya ganin ja, yana kuma cika ganin shuɗi. Jan leɓe sai ya fito baƙi, sararin sama ya fito fari fat ba gajimare, mai shuɗin ido ya fito kamar makaho. Don haka ba a amincewa da ido wajen zaɓen launin riga ko fentin bango. Sai an ɗauki gwaji an wanke an gani.

Satumba zuwa Oktoba 1924, Livorno

An dawo da yaƙin teku nan, an sassaƙa sababbin jirage na sosai, masu iya shiga ruwa: na Rumawa masu jerin filafilai, da na 'yan fashin teku masu ƙaho a goshi. Filafilan ba su ne ke tafiyar da jirgi ba. Jirgi mai inji ne ke jan sa da igiyar ƙarfe daga inda kyamara ba ta gani, haka ma karon da za a yi, da igiya ake fizgo jirgin 'yan fashi ya soki cikin na Rumawa. Kyamarori suna kan dandamali a kan ruwa da cikin jiragen kansu. Umarni da tuta ake bayarwa, don bututun magana ba ya kai wa cikin iska, ga shi kuma sai an bi ta bakin tafinta.

An ɗebi ɗaruruwan 'yan cikon taro daga talakawan gari. Kowa aka tambaya ko ya iya iyo sai ya ce ya iya, don aikin yini guda ba abin wasa ba ne a wurinsu. Ba wanda aka jefa ruwa aka gwada. Wannan shi ne kuskure na farko. Niblo kuma ya tarar an raba mutanen gida biyu bisa siyasarsu, Fasist a wannan jirgi, abokan gabarsu a wancan, ga tarin takubba da aka wasa an ajiye. An kwashe su aka kawo dasassu.

Ranar ƙona jirgi, an shafe babban jirgin Rumawa da mai aka kunna, da nufin wuta ta ci sannu a hankali yadda za a samu hoto. Iska ta taso ta kwashe wutar ta watsa ko'ina kafin a ankara. Mutane suka dinga faɗawa ruwa da sulke a jikinsu, da yawansu ba su iya iyo ba. Kwale-kwalen ceto suka shiga tsamo su. Da yamma aka ƙirga tufafin da 'yan taro suka tuɓe suka ajiye, aka ga na mutum uku ba a zo ɗauka ba. Daga baya aka ce masunta sun tsince su. Har yanzu maganar a rabe take a sansani: ofis ya ce ba a rasa rai ba, Bushman da wasu sun ce an rasa. Kyamarori ba su tsaya ba, kuma firgicin da ke cikin hoton ba wasa ba ne.

Abin da ya kamata a yi a bayyane yake: a gwada iyon kowa, waɗanda za su yi tsalle a sa musu sulken kwali ko na fata mai fenti, a duba iska kafin a kunna ashana, a jera kwale-kwale ta ɓangaren da iska ke kaɗawa.

Fitowar da Ben-Hur ya ceci Arrius, kwamandan jiragen Rumawa, a kan katako ma ta ba da wahala. Frank Currier, wanda ya fito a Arrius, ya haura shekara 65, ga ruwan kaka da sanyi, ana ta maimaitawa.

Nuwamba zuwa Disamba 1924

Mayer ya zo ya gani da idonsa, shi da Niblo ba su rabu da daɗi ba. Daga nan ya wuce Berlin, inda ya haɗu da darakta Mauritz Stiller da wata yarinya 'yar Suwidin, Greta Garbo. Wataƙila wannan ce ribar tafiyar. May McAvoy ce Esther yanzu.

An gwada tsere a dandalin Rum, bai yiwu ba. Rana ta yi ƙasa saboda hunturu, dogayen bangaye suna jefa inuwa a kan hanya, awannin ɗauka sun zama kaɗan. Ƙasar filin ba ta riƙe ƙafar karusa a kwana. An yi mummunan haɗari, ƙafar wata karusa ta tarwatse ta yi jifa da matuƙin. Dawakai ma ana ta asararsu.

Janairu 1925

Umarni ya zo a tattara a koma gida. An bar dandalin da aka kashe wa kuɗi a tsaye, ba a samu tseren ba. Abin da za a tafi da shi mai amfani: yaƙin teku, Ƙofar Yafa, da wasu fitowa na waje.

Fabrairu zuwa Agusta 1925, Culver City

Nan ofishin Thalberg taku kaɗan ne daga wurin ɗauka. Abin da aka ɗauka yau a wanke da dare, gobe a kalla, in da gyara a yi kafin a rushe saiti. Cikin watannin nan aka yi yawancin fitowar cikin gida.

Warkar da kutare. Uwar Ben-Hur da ƙanwarsa Tirzah za su warke a gaban mai kallo ba tare da an yanke hoto ba. Dabarar Karl Struss ce. Ana zana miyakun da jan kwalli, a sa zare mai ganin dukkan launuka, a ɗora koren gilashi a gaban idon kyamara. Ta cikin kore ja baƙi yake fitowa, miyaku su fito ɓaro-ɓaro. Ana cikin juyawa sai a zame gilashin a hankali daga kore zuwa ja. Ta cikin ja, jan kwalli da fata ɗaya suke, sai fuska ta washe. Sharaɗi biyu ne: gilasan su rage haske daidai da juna, in ba haka ba hoton zai yi duhu ko ya yi fau a tsakiya, kuma kada a sa wa 'yar wasa jan-baki, don shi ma zai ɓace tare da kuturtar.

Launi. Wasu fitowa, irin su haihuwa a Baitalami inda Betty Bronson ta fito a Maryamu, da shigar Ben-Hur Rum cikin nasara, da Technicolor ake ɗaukarsu. Kyamarar tana raba haske biyu, ta ɗauki hoton ja da na kore a kan nagatif ɗaya, ke nan zare ninki biyu take ci, haske kuma sai an ƙara sosai, 'yan wasa suna narkewa a ƙarƙashin fitilu. Ba ta ba da shuɗi na gaskiya, saboda haka a guji sararin sama da shuɗin tufafi. Sauran fim ɗin baƙi da fari ne, sai a rina shi: ruwan zuma na rana, shuɗi na dare. Wannan kam aikin marina ne sak, a tsoma zare a kwano a ɗaga a shanya.

Girgizar ƙasa ta ƙarshen labari, inda gini ke ruftowa kan jama'a: ginin ɗan ƙarami ne, an ɗauke shi dabam ana juya kyamara da sauri don faɗuwarsa ta yi nauyi a majigi, mutanen ma an ɗauke su dabam, aka haɗa su da dabarar Frank Williams.

A lokaci guda ana gina sabon dandali a wani fili kusa da mahaɗar titin Venice da La Cienega. Mutum wajen 800 ne a kai, wata huɗu. Cedric Gibbons da Arnold Gillespie ba su gina shi duka ba. Hanyar tsere, katangar tsakiya da manyan gumakanta, da benen ƙasa na 'yan kallo, su ne na gaske. Benayen sama ƙaramin samfuri ne da aka rataye a gaban kyamara. Abu mai kashi ɗaya cikin goma na girma, in aka ajiye shi a kashi ɗaya cikin goma na nisa, a idon kyamara daidai yake da babban. A cikin samfurin akwai dubban 'yan tsana a kan sanduna, ana murɗawa su miƙe su zauna. Ya fi zane a kan gilashi ta wajen biyu: rana ɗaya ce ke haska shi da ginin gaske, don haka inuwarsu tana tafiya tare, kuma ana iya waiga kyamara hagu da dama muddin a kan cibiyar idonta take juyawa. In ta goce da ko ɗan yatsa, sai layin haɗin ya buɗe, a ga benen sama yana shawagi. Dole kuma a tsuke ƙofar haske don na kusa da na nesa su fito tar tare, shi ya sa sai rana ta take sosai ake wannan ɗauka.

Asabar 3 ga Oktoba 1925

Ranar babban tsere. Karusa 12, kowace da doki huɗu, doki 48 ke nan. Kyamara 42: wasu a ramuka da aka haƙa a hanya aka rufe da katako don karusai su bi ta kansu, wasu a ɓoye jikin gumakan tsakiya, wasu a saman bango, wasu a kan mota mai gudu a gaban dawakai. 'Yan taro sun kusa dubu huɗu, an raba su rukuni-rukuni, kowane da mataimakin darakta sanye da tufafin Rumawa a tsakiyarsu yana kallon tuta. Cikin mataimakan akwai wani saurayi William Wyler. Manyan taurari irin su Douglas Fairbanks da Mary Pickford sun zo kallo. Ragamar tseren tana hannun Reeves Eason, ba Niblo ba.

Zagayen farko matuƙa suka yi ta lallaɓawa, kowa na tsoron wuyansa. Aka sa kyautar kuɗi ga wanda ya zo na ɗaya, nan take abin ya koma tsere na gaske. A wata kwana karusa ta kife, na baya suka hau kanta, dawakai da katako suka cakuɗe. Matuƙa sun fita da rai, dawakai sun mutu. Hoton zai shiga fim. Kyautar ce ta jawo, kuma wanda ya sa ta ya san haka za ta iya faruwa.

Masu juya kyamara sun ɗan rage hannu ƙasa da yadda majigi zai juya, don gudun ya ƙaru a allo. Kaɗan ake ragewa. In aka zarce, ƙafafun dawakai sai su koma abin dariya.

Oktoba zuwa Nuwamba 1925

Taro ya watse, Eason ya ci gaba makonni a dandalin da ba kowa. Yanzu ne ake ɗaukar abin da zai sa tseren ya yi rai: kofato, ƙafar karusa tana gogar wata, bulalar Messala, fuskar Novarro da ta Bushman daga mota. Kyamara tana kallon ƙasa ko bango don kada kujerun da ba kowa su fito. Kowace ɗauka sai an rubuta inda rana take da jerin karusai a wannan zagaye, in ba haka ba fararen dawakan Ben-Hur za su kasance na uku a wannan hoto, na biyar a mai bi masa.

An ƙirga zaren tsere kaɗai: ƙafa 200,000. Lloyd Nosler zai tace shi ya koma 750. Ƙafa ɗaya ke nan daga kowace 267. Ƙafa 750 hoto 12,000 ne, minti goma in majigi na juya 20 a daƙiƙa, ƙasa da haka in ya fi sauri. Ƙa'idar yankan: karusai su riƙa bin ɓangare ɗaya na allo, in za a juya sai an nuna kwana, kuma guntayen su riƙa gajarta yayin da ake kusantar ƙarshe.

Disamba 1925

Thalberg ya kwanta da ciwon zuciya. Daga gado yake kallo, ana haska masa fim a silin. Duka abin da aka ɗauka tun daga Italiya ya haura ƙafa miliyan ɗaya, za a fitar da faifai 12. Katharine Hilliker da H. H. Caldwell suna rubuta katunan magana, kowane kati a bar shi a allo gwargwadon yadda mai karatu a hankali zai gama. William Axt da David Mendoza suna haɗa kiɗan da makaɗa za su bi a sinima. Guntayen Technicolor da hannu ake liƙa su cikin kowane kwafi.

Laraba 30 ga Disamba 1925, New York

An buɗe a gidan wasa na George M. Cohan. 'Yan kallo sun yi ta sowa a wurin tsere. Kuɗin da aka kashe ya kusa dala miliyan huɗu, kafinsa ba a taɓa fim mai tsadarsa ba, kuma rabin abin da zai shigo na su Erlanger ne. Sai ya kawo ninki biyu na kuɗinsa, ban da na talla da na kwafi, kafin kamfani ya ga ko sisi.

Aikin da ya rage: a yanka nagatif na biyu don ƙasashen waje, a fassara katuna, a shirya makaɗan da za su bi fim ɗin gari-gari. Sai kuma matsalar guntayen launi. Zare biyu ne aka manne baya da baya, zafin fitilar majigi yana sa su lanƙwashe kamar cokali, hoto ya dushe, ga hoto a fuska biyu, ko ta ina yana karcewa. Kowane gidan sinima sai an ajiye masa guntayen canji, waɗanda suka lanƙwashe a mayar da su kamfanin Technicolor a Boston a miƙar.